Kunun da Na Ajiye a Bakin Ƙofa

Iskandariyya ta tarbe ni da ƙarnin kifi da wata iska mai ɗanɗanon gishiri. Ni da na tashi a Madabo, inda babban ruwan da na sani shi ne kududdufin bayan unguwarmu idan damina ta yi nisa, sai ga ni a bayan tasi ina kallon teku ta taga, ina neman inda ya ƙare ban gani ba. Karatun adabin Larabci ya kawo ni. Kayana akwati ɗaya ne na tufafi da littattafai, sai wata jaka da Inna, mahaifiyata, ta cika da kuka da daddawa da yaji, ta cusa kwanukan sha guda biyu da faifai mai ado da ta sayo mini a kasuwar Kurmi.

Wanda ya tarye ni shi ne Malam Sabi'u, mutumin Yakasai da ya daɗe a can yana nema wa ɗalibanmu gurbin karatu da masauki. Ya yi wa Baba alkawari a waya cewa gidan ɗalibai mata za a kai ni, mai mai gadi da dattijuwa mai kula da shige da fice. Amma sai tasin ta nufi gidansa.

"Ƙanwata, ana ɗan gyara ne a masaukin naku," in ji shi, yana zuba mini shayi mai na'a-na'a. "Kwana kaɗan ne. Kawo fasfon naki in kai a yi miki rajista. Sha mana, nan gida ne."

Na sha, na miƙa fasfo. Kwana kaɗan ɗin nan ya miƙe har na daina jiran ƙarshensa. A ɗakin ajiyarsu nake kwana, tsakanin akwatunan wasu ɗalibai da ban taɓa gani ba, da safe in yi wa matarsa wanke-wanke kafin in tafi aji. Fasfona bai dawo hannuna ba sai ranar da na durƙusa gabanta na yi kuka, ta shiga ɗaki ta ɗauko mini shi daga ƙarƙashin katifa, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Zango na biyu wani gida ne da Malam Sabi'u ya cusa mu mu da yawa, 'yan mata daga ƙasashe daban-daban, kowa na barci da jakarta a ƙarƙashin kai. Ranar da ya kai ni ma sai da ya saya mini ruwan rake mai sanyi a hanya. Ba mu yi nisa ba mai gidan ya zo da 'yan'uwansa ya fito mana da kaya waje, ya ce bai taɓa ganin kuɗin hayar da iyayenmu suka aiko ba. Na zauna a kan akwatina a bakin titi, ana sanyi, mutane na ratsa mu kamar tulin shara. Wata mai sayar da burodi ta miƙo mini guda ɗaya mai ɗumi. Na karɓa na gode mata, amma ban ci ba. Riƙe shi na yi ina ɗumama hannu, domin a lokacin na riga na lura da wani abu: duk wanda ya cuce ni a garin nan, da abin sawa a baki ya fara.

Da na gaya wa Inna a waya sai ta ce, "To kin gani. Rukayya, ki kula da abin da za ki ci. Ba ki san su ba, ba su san ki ba. Idan an ba ki, ki ce alhamdu lillahi kin ƙoshi."

Zango na uku, kuma na ƙarshe, shi ne ɗakin saman benen Hajja Ummu Walid. Malam Sabi'un ne dai ya samo shi, don ban san kowa ba sai shi. Hajja dattijuwa ce mai jiki, mijinta ya rasu, tana zaune a hawa na ɗaya. Ɗanta Walid da matarsa Rasha suna hawa na biyu. Ni kuma can ƙoli, a wani ɗan ɗaki da a da ake ajiye kayan wanki, ƙofarsa na kallon igiyoyin shanya da wani yanki na teku mai faɗin tabarma tsakanin dogayen gine-gine biyu. Na so ɗakin nan kamar ni na gina shi. Ƙofarsa na kulluwa, makullin yana hannuna, kuma da yamma ina iya zagaya rufin ina rera baitocin da za a tambaye mu a aji, babu mai yi mini dariya. Idan na rasa shi, ba ni da inda zan koma sai ɗakin ajiyar Malam Sabi'u, ga jarrabawar ƙarshen shekara tana jira bayan Sallah.

Hajja ba ta da rowa. Duk lokacin da na wuce ƙofarta sai ta kira ni: "'Yata, zo ki sha shayi." Ni kuma in rusuna in ce, "Alhamdu lillahi, Hajja, na ƙoshi." Ta taɓa tare ni da farantin shinkafa da kifi, na ce na ci a makaranta, alhali cikina na kuka. A gida ma ai haka aka koya mana, yarinya ba ta zarar abinci a gidan mutane. Sai kunyar gida da tsoron da na koya a hanya suka haɗu suka zama abu ɗaya, har ni kaina ban iya raba su. A hankali Hajja ta daina kira. Sai kallo.

Da azumi ya matso, garin ya canza kaya. Aka rataye fitilu masu launi a kowane lungu, aka ja igiyoyin ado daga bene zuwa bene. Ni kuwa abu ɗaya raina ke so: kunun tsamiya. A gidanmu ba a ce an sha ruwa sai an ji ɗuminsa ya sauka a ƙirji, da yajin citta da kanumfari, da 'yan gayan da ke taruwa a gindin kwano muna faɗa a kansu ni da ƙannena. Tsamiya ba ta yi wuya ba, mutanen garin ma suna jiƙa ta su sha da sanyi. Gero ne na rasa. Na zaga shagunan hatsi har wani ya nuna mini shagon mai sayar da tsuntsaye. Can na gan shi a buhu, gefen keji.

"Tsuntsayenki nawa ne?" mai shagon ya tambaya, ganin yawan da na ce ya auna.

Na ce, "Ɗaya ce."

"Lallai tana da ci," ya ce, ya ƙara mini hannu guda kyauta. Na tsaya ina jiran jin abin da zai nema a madadin haka. Bai nemi komai ba, ya juya ga wani mai sayen kanari.

Na ari ɗan turmin tagulla a wurin wata 'yar ajinmu na surfa geron kaɗan-kaɗan, na wanke, na shanya a rufi. Tantabarun unguwar suka gano, suka riƙa sauka suna kewaye ni, ina kora suna dawowa. Na niƙa shi da kayan yaji a ɗan injin markaɗe. Ranar da aka kai azumin farko na dama, na soya ƙosai, na sa turaren wuta a ɗakin, na zauna ni kaɗai ina jiran kiran salla. Kurɓar farko na rufe ido, sai ga tsakar gidanmu, ga tabarmi, ga Baba yana cewa a miƙo masa ludayi.

Bayan isha'i na kira Inna ina ba ta labari da murna. Ta saurara, sannan ta ce, "Kin kai wa maƙwabta?"

Na ce a'a.

"Rukayya! Ƙamshi ya sauka gidan mutane suna azumi, ki shanye ke kaɗai? A ina kika ga an yi haka? Kada ki ci nasu, na ji, amma naki dole ki kai."

Ta yi gaskiya. A Madabo, da la'asar ta yi sanyi, lunguna cika suke da kwanuka. Na gidanmu ya nufi gidan Malam Babba da kunu, nasu ya shigo da alala, na gidan Hajiya Uwani da dafaffen rogo ko ɗanwake. Kwano ba ya dawowa wayam. Sai dai a gida yara ake aika. Babban mutum ba ya ɗaukar kwano ya tsaya a ƙofar wani yana jiran a yi masa godiya, balle budurwa, balle a gidan da namiji zai iya buɗe ƙofa. Ni kuwa ba ni da ɗan aike.

Sai na yi dabarar da na ga ta fi kama da mutunci. Washegari gab da magariba na zuba kunu a kwanukan nan biyu, ɗaya na Hajja ɗaya na Rasha, na rufe na Rasha da faifan Inna, tunda tana da juna biyu, na ga ta fi cancantar ado. Na sauka a hankali ba takalmi, na ajiye a bakin kowace ƙofa, na ƙwanƙwasa sau ɗaya, na haye sama da gudu. A garin sauri kunun ya ɗan zube a dokin ƙofar Rasha. Ban koma na goge ba, don na ji motsin mijinta a ciki.

Kwanukan ba su dawo ba. Ba godiya, ba sallama. Na ce wataƙila nasu tsarin daban ne, na sake kai wa a robobin madara da na wanke. Su ma shiru. Raina ya fara saƙa mini abubuwa: sun raina ni ne don ni baƙa ce, ko ƙyamar hannuna suke yi, ko kwanukan suka yi musu kyau. Amma na ci gaba da kaiwa, rabi don Inna, rabi don taurin kai.

Sai na fara ganin gishiri.

Da safe zan fita makaranta na ga an barbaɗa shi a matakala, fari fat, tun daga ƙofar Rasha har zuwa ƙofar rufin da nake. Washegari an wanke matakalar da wani ruwa mai ɗanyen ganye a ciki. Daga gidan Rasha karatun Suratul Baƙara ke tashi da ƙarfi safe da yamma, kuma da na taka hawa na biyu sai a ƙara murya. Na san abin da barbaɗe a hanyar mutum yake nufi, na ji labarinsa tun ina yarinya. Na ce shi ke nan, sun ga na ƙi cin nasu, sun biyo ta ƙafa. Daga ranar na daina taka gishirin. Ina tattare siket in tsallake shi, bakina na motsi da Ayatul Kursiyyu, in tofa dama da hagu. Sau da yawa nakan ji kamar ana leƙe na ta ramin ƙofa. Ban gaya wa Inna ba, don na san cewa za ta yi in dawo gida, karatun ya tashi a banza.

Ana cikin goman tsakiya, wata rana na dawo daga aji bayan la'asar, na tarar da Hajja zaune a kan kujera a tsakiyar matakala, ta tare hanya. Malam Sabi'u na tsaye gefenta yana murza hula a hannu. A kan matakin da ke gabanta akwai robar kunun da na ajiye wa Rasha jiya, an ɗaure ta a leda, ga faifan Inna an riƙo shi da tsinken shanya kamar mushen ɓera.

"Ajiye makullin nan," Hajja ta ce. Ba "'yata" a ciki.

Na ajiye shi a kan matakin. Na ce, "Hajja, me na yi?"

"Jiya da dare aka kai matar ɗana asibiti, jini ya tsinke mata. Sau biyu tana ɓari kafin wannan. Wata bakwai muna lallaɓa cikin nan lafiya, sai da kika fara zuba mana abu a ƙofa."

"Kunu ne, Hajja. Abincin buɗa-baki ne."

"Abinci?" Ta ɗaga murya. "Wa ke ajiye abinci a ƙasa ya gudu? Wa ke sauka ba takalmi kamar ɓarawo? Ina jin dakanki a kaina. Ina ganin tsuntsaye na taruwa a kanki. Hayaƙi na fita daga ɗakinki, kina zagaya rufi kina surutai ke kaɗai. Mun sa gishiri don kariya, kin kasa taka shi, tsallakewa kike kina tofe-tofe. Rasha ta gan ki da idonta." Ta nuna faifan. "Wannan kuma fa? Ƙulle-ƙullen me ne a jikinsa?"

Duk abin da ta lissafa na yi shi.

"Kuma tunda kika shigo gidan nan ko ruwanmu ba ki taɓa sha ba," ta ƙara, muryarta ta yi ƙasa. "Na daɗe ina tambayar kaina dalili. Wanda ke tsoron abincin mutane haka, ya san abin da ake sawa a abinci."

Na juya wajen Malam Sabi'u na yi masa Hausa. "Malam, don Allah ka gaya mata. Kai ma ka san kunun tsamiya. A Yakasai ba a kai wa maƙwabta?"

"Ƙanwata, ki ba su haƙuri ki tattara kayanki kawai," ya ce ƙasa-ƙasa. "Mutanen nan idan suka kira 'yan sanda, ni ma abin zai shafe ni. Ina da ɗalibai a gidajen unguwar nan. Ɗakin ajiya na nan, ba wanda ya shiga."

Sannan ya juya ga Hajja da Larabci, yana tsammanin saurin maganarsu zai wuce ni. Ya ce a ƙasarmu akwai gidajen da ke irin wannan, Allah ya kiyaye, shi dai ba danginsa ba ce, taimako kawai ya yi.

Ban san daga ina ƙarfin ya zo mini ba. Na ce, "Hajja, zan sha. A gabanki. Idan akwai wani abu a ciki, ya kama ni."

Ta nuna robar. "Ba sabo za ki dama ba. Wannan. Wanda kika yi mata."

"Shi."

Ta kwance ledar da bakin tsinke. Kunun ya kwana ya wuni a ƙarƙashin matakala cikin zafi. Ya tsinke, ruwa a sama, ƙasan ya kumbura yana 'yan ƙwayayen kumfa, tsaminsa ya buge mu gaba ɗaya. Malam Sabi'u ya ja baya yana toshe hanci.

"Bismilla," in ji Hajja.

Na kai hannu, sai na tsaya. Ta tagar matakalar rana na nan ja a jikin bangon maƙwabta. Na ce, "Ina azumi."

"Ka ji ko?" ta ce wa Malam Sabi'u. "An fara."

"Ba zan karya azumina ba, Hajja, ko da za ki watsa mini kaya a titi. Amma ba zan motsa daga nan ba. A kira salla, in sha."

Ta gyara zama, kujerar ta yi ƙara. "To ni ma ba inda za ni."

Malam Sabi'u ya duba agogo, ya ce iyali na jiransa, ya sulale. Aka bar mu mu biyu, ita a kujera, ni a kan mataki a ƙasanta, roba da makulli a tsakaninmu. Daga gidajen maƙwabta ƙarar cokula da ƙamshin tafarnuwa ke fitowa. Titi ya fara yin shiru irin na gab da shan ruwa. Idan na motsa hannu don gyara mayafi, idonta na biye da shi.

Can ta ce, "Me ke ciki?"

Na lissafa mata: tsamiya, citta, kanumfari, masoro, sukari, gero.

"Mene ne gero?"

Na kwatanta mata, na gaya mata shagon da na saya.

"Abincin tsuntsu?" Ta riƙe haɓa. "Ya Rabbi. Abincin tsuntsu kika ba matar ɗana?"

"A garinmu shi ne abincin mutane, Hajja. Malamai da attajirai da shi suke buɗa baki."

"Hm. Kuma a ƙasa kuke ajiye wa juna?"

"A'a. Yara ake aika. Ni ba ni da yaro."

"Ba ki da yaro, amma kina da baki. Ba ki iya cewa salamu alaikum, ga wannan?"

"Kunya nake ji."

"Kunya," ta maimaita, kamar tana juya kalmar ta ga ko jabu ce. "Gishirin fa? Shi ma kunyarsa kike ji?"

Na sunkuyar da kai. "Na ɗauka ni kuka barbaɗa wa."

Wani sauti ya fito ta hancinta, ban san ko dariya ce ko tsaki ba. Ni kuma, don in hana kaina kallon robar, sai na shiga ba ta labarin wannan lokacin a unguwarmu: yadda hayaƙin ƙosai ke kwanciya a lungu, yadda tsofaffi ke shimfiɗa buzu a ƙofar masallaci, yadda Inna ke tsayawa a kan tukunya tana rabo tana kiran sunan gidaje ɗaya bayan ɗaya, ta fara da gidan da aka yi rashi a shekarar. Ban sani ba ko tana saurare. Idonta na kan hannuna.

Sai igwar da suke harbawa don sanar da shan ruwa ta tashi a talabijin ɗin wani gida, ladanai suka ɗauka daga kowace kusurwa.

Na yi tsammanin za ta ce bar shi, ya isa. Ba ta ce ba. Na ɗauki robar da hannu biyu, na yi addu'ar buɗa-baki, na kafa kai. Tsami ya sarƙe ni har hawaye suka zubo. Cikina da ya wuni wayam ya yunƙuro, na danne shi, na ci gaba. Gayan da ke ƙasa sun yi yauƙi, na sa yatsa na kwashe su na haɗiye, na kifa robar a gabanta.

Hajja ba ta sa komai a bakinta ba tukuna. Ta leƙa fuskata, ta ja fatar idona ƙasa da babban yatsa kamar likita. Na miƙe zan hau sama in wanke baki, sai ta cafke wuyan hannuna.

"Ina za ki? Ki je ki sha makari? Gaba. Yau a gabana za ki kwana."

Ta tsince makullin ta jefa a aljihun rigarta, ta tura ni cikin gidanta. Wata da watanni ina wuce ƙofar nan, ban taɓa taka ciki ba. Ta kurɓi ruwa a tsaye, muka yi salla, tana gaba ina baya, ina jin tana waigen motsina ko a cikin sujada. Da muka sallame ta shiga kicin, ta bar ƙofar a buɗe don ta riƙa ganina, amma bayanta ya kare tukunyar, ban ga abin da hannunta ke yi ba. Ta fito da shinkafa da wata koriyar miya mai yauƙi, ta dire a gabana. Kwano ɗaya. Ba ta zuba wa kanta ba.

"Na ga kin sha naki," ta ce, ta zauna ta harɗe hannu. "Saura namu."

Na dubi miyar. Matar nan ta yi imani ni na nemi kashe jikanta, kuma ita kaɗai ta san abin da ta zuba. Muryar Inna na kunnena. Zufa ta karyo mini fiye da lokacin da nake gaban robar, domin wancan na san abin da ke ciki.

"Hajja, ke ba za ki ci ba?"

"Ke kin ci tare da mu da kike ajiye mana?"

Na ɗauki cokali. Na yi bismilla a bayyane, yadda za ta ji. Da miyar ta taɓa harshena sai na gane ta: lalo ce, irin wadda ke fitowa a bayan gari da damina, sai dai sun cika mata tafarnuwa. Na ci cokali na biyu, na uku. Sai da na kusa rabi sannan ta jawo wani cokali, ta sa a cikin kwanon nawa, ta fara ci ta ɗaya gefen. Muka ci tare har muka ga gindinsa.

Na kwana a kan doguwar kujerarta ina zarya bayi, kunun nan bai bar ni ba sai da asuba. Da gari ya waye Walid ya bugo waya daga asibiti ya ce jinin ya tsaya, likita ya ce a ci gaba da kwanciya. Hajja ta ajiye wayar, ta daɗe tana kallona, na yi zuru-zuru. Sannan ta laluba aljihu ta ajiye makullin a kan tebur, ta turo shi da yatsa ɗaya.

"Ban ce na yarda da ke ba," ta ce. "Na ce dai ba ki mutu ba. Daga yau duk abin da kika dafa, ki kawo da hannunki, ki tsaya a buɗe miki, ki ci a gabana. Duk abin da na dafa, ki sauko ki ci. Ƙofar Rasha kuma kada ki ƙara kusantarta."

Haka muka ƙarasa azumin, kullum da magariba muna zaune muna kallon bakin juna. Na yi jarrabawata a ɗakin, na ƙara shekara biyu a cikinsa. Rasha ta haihu bayan Sallah, namiji, lafiyayye. Har na bar Iskandariyya, idan muka haɗu a matakala, juya yaron take yi ya fuskanci bango sai na wuce.